Tabon Hannun Inna

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya aka fara koya mana cututtukan fata, ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Tabon da ya kwanta daidai da fata, ƙurji mai tudu, mai ruwa, mai mugunya, mai ɓawo, kowanne da sunansa na Turanci mai karya harshe, duk na haddace. Idan na shiga mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, wuyan mutane nake kallo ina raɗa wa ƙurajensu suna a zuci. Kai, na ji kaina a lokacin!

Malaminmu ya sha nanata mana abu ɗaya. In kun ga tabo ya fi sauran jiki haske, kada ku yi saurin cewa kyasbi ne. Ku sa mutum ya rufe ido, ku shafa masa auduga a wurin, ku tambaye shi ko ya ji. In bai ji ba, a binciki kuturta. Wannan ma na rubuta shi a jarrabawa, na ci.

To, ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, magana ma sai dai ta yi ta da bango ni in tsinta. Haka muka taso, ban taɓa jin haushin abin ba.

Da na zo hutu, wata rana da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta janye hannun rigarta, ta ce da iska, "Wai masu karatun asibiti, me ake shafa wa irin wannan?"

Na leƙa daga inda nake zaune. Tabo ne fari-fari a damtsenta, faɗinsa kamar murfin kwalba. Wallahi maganar malam ta faɗo mini a take. Akwai auduga a jakata. Amma in tashi in kama hannun Inna, in ce mata ta rufe ido? Kunya ta danne ni. Na ce, "Kyasbi ne," har da ƙara sunansa na Turanci don a san na yi karatu. Ranar kasuwa na sayo mata man shafawa.

Ta yi ta shafawa, tunda 'yarta ce ta faɗa.

Bayan shekara biyu ƙanwata ta kira ni a waya, ta ce Inna ta sauke tukunya daga murhu, yatsunta sun ƙone har sun tashi, ita kuwa ba ta ma sani ba sai da aka nuna mata. Kafin ta gama magana na san ko mene ne.

Ni na kai ta asibiti. Cutar tana warkewa da magani, kuma ta warke, amma yatsu biyu sun riga sun lanƙwashe, ba za su miƙe ba.

Ma'aikaciyar da ta duba ta babbar mace ce mai faɗa. Da ta ji aikina, ta ɗago ta dube ni. "Ke ma'aikaciyar lafiya ce, uwarki na ɗauke da wannan shekara biyu ba ki gani ba?"

Inna ce ta amsa, idonta na ƙasa.

"Ba ta taɓa gani ba, Hajiya. Ni na ɓoye mata."

Ina tsaye a wurin na bar ta ta yi mini wannan ƙaryar, kuma har yau ban gyara ba.