Adakar Inna da kwaɗona

Shekarun baya, lokacin muna zaman haya a Fadaman Mada, na yi wata ajiya wadda har yau in na tuna ta sai kunyar kaina ta kama ni.

Da mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, adakarta ta katako ta dawo hannuna. Ba wata dukiya ba ce a ciki. Atamfofi ne guda huɗu, da carbinta, da wani zanen saƙi baƙi mai ratsin ja, wanda aka lulluɓe ta da shi ranar da aka kai ta gidan mahaifinmu a Ƙofar Ran. Ni ma da shi aka lulluɓe ni. Tana kwance a ciwon ajalinta ta riƙo hannuna ta ce, "Zanen nan saura ƙanwarki. Ranar da za a kai ta, ki rufe ta da shi da hannunki." Na ce, "To Inna, in sha Allahu." Ƙanwar tawa a lokacin tana makarantar kwana, ba ta ma samu ganawa da ita ba.

Ita Inna ba ta taɓa sa wa adakar nan kwaɗo ba. A kan bulo huɗu take ɗora ta, kuma duk shekara da damina ta ɗauke sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta baje kayan su sha rana. Matan gida su zo su taɓa, su yaba, a yi hira, da la'asar ta ninke ta mayar. Ni kuwa da na ɗan yi boko, gani nake wannan sakaci ne irin na mutanen da.

Gidan hayarmu ɗaki shida ne, igiyar shanya ɗaya. Ban yi wata guda da kawo adakar ba sai wani sabon ɗankwalina ya ɓata a kan igiyar. Nan take zuciyata ta tafi kan maƙwabciyata, wata tela 'yar kudu da bango ɗaya ya raba mu, don ƙofarta ce ke kallon igiyar, ɗakinta kuma cike yake da ƙyallaye. Shaidata ke nan, ba ƙari. Har yau ban san inda ɗankwalin ya shiga ba. Wataƙila iska ce, wataƙila akuyar mai gidan ce, wadda ko takarda ba ta bari.

Washegari na shiga kasuwa na sayo kwaɗo mafi girma da na gani, na kira kafinta ya buga wa adakar mariƙi. Da na zo tura ta ƙarƙashin gado sai ta ƙi shiga saboda bulon, sai na cire su. Na tura ta har ta jingina da bango, na jera kwanuka a gabanta, makullin kuma na ɗaure shi da zare a ƙuguna. Mijina ya tsaya yana kallona ya ce, "Yanzu ni ma in takalmina ya shige ƙarƙashin gadon nan sai na nemi izini a rubuce?" Na ce ya yi ta dariya, ranar da aka yashe gidan zai gane.

Da damina ta wuce, matan gidan suka fito da kayansu shanya. Maƙwabciyar tawa ta leƙo da Hausarta irin ta 'yan kudu ta ce, "Anti, ba ka fito da kaya ya sha rana? Bango namu yana jiƙa fa, ni ina gani ta gefe na." Na ce mata ni ba ni da wasu kaya. A raina kuwa na ce, ato, ashe har ta san akwai abu a jikin bangon. Ranar na ƙara manna adakar da bangon.

Ƙanwata in ta zo hutu takan ce, "Yaya, buɗe min in ga zanen Inna mana." Ni kuma in ce, "Bari sai ranarki, gidan nan akwai idanu." Haka muka yi damina uku.

Da aka sa ranar aurenta, saura kwana biyar, wata Asabar da hantsi na kawar da kwanukan na jawo adakar. Tun daga jan na ji ta yi sakayau. Saman ya biyo hannuna, gindin ya tsaya a can. Jar ƙasa ce dam a ciki, gara na ta kai da komo. Abin dariyar, wanda ban yi wa dariya ba sai bayan shekaru, shi ne duk da haka sai da na kwance makulli daga ƙuguna na buɗe kwaɗon. Yana nan garau, yana ƙyalli, ba wanda ya taɓa shi.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga maƙwabciyata a kaina, da tef ɗin awo a wuyanta. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Durƙusawa ta yi ta sa hannu cikin ƙasar tana lalube a hankali. Atamfofin sun zama gari. Carbin ya tsinke. Daga tsakiyar ninkin saƙin ta zaro wani ɓalli, tsawonsa bai wuce kamu uku ba, da ratsin jan a jikinsa.

Ta ce, "Kar ka yi kuka, Anti. Kawo sabon mayafi, zan ɗinka wannan a baki."

Ita ta wanke shi a kwano da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa, ta zauna ta ɗinka shi da allura a gefen farin mayafi, don ta ce keken ɗinki zai yaga shi. Ina zaune a kan bencinta na kasa daurewa, na gaya mata saboda ita na sayi kwaɗon. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Tun ranar ɗankwali gaisuwa naka ya canja."

Gaya wa ƙanwata ya fi komai wuya. Na ɗauka za ta yi faɗa, har na shirya wa faɗan. Ta karɓi mayafin, ta daɗe tana shafa bakin, sannan ta ce, "Yaya, ba garar ce ta dame ni ba. Shekara uku ina roƙonki, ko sau ɗaya ba ki bar ni na gan shi ba."

Na rufe ta da mayafin da hannuna ranar da aka kai ta gidan mijinta a Tirwun, kamar yadda aka ce in yi. Mata na ta yaba ɗinkin, ba su san komai ba.

Ba na cewa kada a kulle kaya. Ɓarayi na nan, kuma har gobe ina kulle ƙofata. Amma na gane Inna ba sakaci take yi ba. Ajiyarta tana dubawa, ni tawa ɓoyewa kawai na yi, har daga mai ita. Tsoron ɓarawon da bai taɓa zuwa ba ya sa na zargi wadda ta gargaɗe ni, ya sa na hana marainiya ganin abin uwarta.

Yanzu duk ƙarshen damina ina baje kayana a tsakar gida, wanda zai kalla ya kalla. Ƙanwata ta yafe min tuntuni, mayafin yana wurinta, kuma ta haifi mace. Bara yarinyar ta jawo shi ta tambaye ni, "Gwaggo, ina sauran zanen?" Kwaɗon dai yana cikin durowata har yanzu, da makullinsa.