Littafin da Aka Ɗinka a Baibai

A bayan ofishinmu akwai wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba. A nan Baba Mai Ɗinki yake wuni, shi da allura da zare da kwanon gam. Asalinsa baduku ne. Da takalman roba suka kashe masa kasuwa, sai ya koma ɗinkin takarda, kuma shi ke haɗa mana fayil idan ya yi kauri. Bai iya karatu ba, amma ya san lamba, kuma lambar ƙasan shafi yake bi. Ban taɓa kama shi da kuskure ba sai a kan littafin jikarsa.

Yarinyar, wadda yake kira Uwargida, ta aro littafin labari a wurin aminiyarta, 'yar tela. Labarin wani yaro ne da aka ɗaure bisa ƙagen ƙona shago, abokinsa kuma ya juya masa baya. Rufin ajinsu ya yi yoyo a kan teburin Uwargida, littafin ya jiƙe, ya rabu kashi-kashi. 'Yar tela ta ce da gangan ne, don baƙin ciki, ta daina yi mata magana.

Ina shagon ta shigo da shi a leda, ido ya yi ja.

"Wa ya taɓa mini mata?" in ji Baba.

"Tsoho, yau ba na wasa. In bai gyaru ba, na rasa ƙawa."

Ya shanya takardun, ya danne su da dutse. Gefen ƙasa ya ruɓe, sai ya sa wuƙa ya datse shi tas, kamar yadda ya saba yi wa duk takardar da ta ci ruwa. Da ya zo jerawa ne ya ga lambobin sun bi shara. Kunya ta hana shi faɗa. Ya jera da ka, ya ɗinke, ya sa bango mai kyau.

Washegari sai ga 'yar tela da kanta, Uwargida na biye da ita nesa-nesa.

"Baba, wane irin aiki ne wannan? An saki yaron a tsakiya, an kama shi a ƙarshe!"

"To, haka ƙaddararsa ta zo."

"Ba ƙaddara ba ce, ɗinkinka ne!"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya warware zaren. Ya ce tunda shi ya ɓata, shi zai gyara, amma sai su karanta masa ya ji abin da ke bin wani. Benci ɗaya ne a shagon, dole suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Da farko kowaccensu Baba take yi wa magana.

"Baba, gaya mata wannan ne na gaba."

"Baba, gaya mata ba a kai kotu ba tukuna."

"Ni kuka mayar ɗan aike? Ga ta nan kusa da ke."

Da 'yar tela ta kai inda abokin ya yarda da ƙagen, Baba ya tsayar da allura.

"Tsaya. Shi wannan shashashan, ya tambaye shi kafin ya yarda?"

"Bai tambaye shi ba."

"Allah wadai," ya ce, ya ci gaba da ɗinki.

'Yar tela ta daɗe tana kallon shafin. Can ta zunguri Uwargida da gwiwar hannu.

"Ke, da gaske rufin ne?"

"Je ki duba teburina, har yau bai bushe ba."

Kafin a tashi daga aiki an saki yaron a inda ya kamata. Ta tagar ofis na hango su sun fito suna jayayya a kan wadda za ta fara tafiya da shi gida, Baba kuwa na bin su da ihu.

"Ku riƙe shi a kwance, 'yan nema, gam bai kama ba!"