Layuka Uku a Kan Tsingaro

A gidan adana kayan tarihin, ɗakinta ne na ƙarshe, bayan ɗakin ajiya. Taga ɗaya ce, sai tebur mai karkata, fitila mai lanƙwasasshen wuya da kwalaben tawada. Ma'aikata suna kiranta Mai Ɗigo. Shekara talatin da shida ta yi a nan tana zana abin da masu tono suka fitar daga ƙasa: tsingaron tukunya, dutsen niƙa, kan kibiya.

Aikin ba ya son gaggawa. Takan kifa bakin tsingaro a kan tebur, tana karkata shi har haske ya daina ratsawa ta ƙarƙashinsa. A nan take gane yadda tukunyar ta zauna kafin ta fashe. Sai awo, sai fensir, sai tawada. Inuwa kuwa ba shafa ta ake yi ba, ɗigo ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Guntun da bai kai tafin hannu ba yakan ci mata yini biyu. A da su biyar ne a ɗakin. Biyu sun rasu, ɗaya idonsa ya gaza, ɗaya ya koma zanen gidaje. Ita ma ta yi ritaya a takarda, ana dai sabunta mata kwantiragi duk shekara don babu magaji.

A wajen gidan tarihin kuwa magadan sun yi yawa. Ɗan ƙanenta, wanda aka fi sani da Fenti, a gefen teburin nan ya koyi ɗigo. Yau ya haura arba'in, fuskokin da yake zanawa da ɗigo zalla suna rataye a otal-otal, kuma rabin masu zanen yankin daga gare shi suka kwafa, har da masu zanen yadi. Abin bai taɓa burge ta ba.

"Ɗigonku na kwalliya ne," takan ce masa. "Nawa shaida ne."

"Gwaggo, ai shaida ba a rataye ta a falo."

Bara aka kawo sabon Darakta, mutum mai kuzari, ya zo da na'urar da ke ɗaukar siffar abu ta kowane gefe cikin minti uku. Na'urar tana bukatar ɗaki, kowa kuma ya san ɗakin da ake wa kallo. Ana cikin haka aka tono wani tsingaro a rami na huɗu a bakin kogi, mai layuka uku da suka gitta juna. Darakta ya ƙara girmansa a fuskar kwamfuta, ya ce alama ce, wataƙila ma rubutu, wanda ya girmi duk abin da aka taɓa samu a yankin. Ya rubuta rahoto. Mujallar da zai aika wa ta ce ƙa'idarta sai da zanen hannu. Dole ya sauko ɗakin ƙarshe.

"Mama, ga babban aikin rayuwarki," in ji shi.

Ta karɓi tsingaron. Da ya fita ta kwantar da wuyan fitila har haske ya riƙa shafar tsingaron daga gefe, ta sa gilashin ƙara girma. Layin da maginiya ta ja a ɗanyen yumɓu yakan yi ɗan tudu a gefensa, launinsa ɗaya da jikin tukunya, don tare suka shiga wuta. Waɗannan kuwa cikinsu fari ne tas, gefensu da kaifi, ko ƙwayar ƙasa babu a ciki.

Ta aika aka kira Dogo, shugaban masu tono, sa'anta kuma abokin faɗanta.

"Dogo, wa ya tona rami na huɗu?"

"Ni da hannuna. Me kuma na yi?"

"Kawo cokalinka."

Ya zaro cokalin birkilan da yake tono da shi. Ta ɗora tsininsa a layin farko, ya zauna daram. Dogo ya dafe kai.

"Wallahi ƙasar ce ta yi tauri. Sau uku na kankara kafin ya fito."

"Shekara nawa ina ce maka ka daina tono kamar mai haƙar dankali? To barka, yau ka zama marubucin farko a yankin nan."

A sana'arsu akwai ƙa'ida. Abin da mutanen wancan zamanin suka yi, da cikakken layi ake zana shi. Ɓarnar da ta samu abu daga baya, da tsinkakken layi, guntu-guntu. Yini biyu ta yi a kan zanen. Layukan uku suka fito guntu-guntu.

Darakta ya duba, fuskarsa ta canza. Ta yi masa bayani, ta ce Dogo yana nan a tambaye shi.

"Mama, ke zane aka ce ki yi. Fassara aikinmu ne. Na'ura ta nuna layi, ki ja layi."

"Na'urar ta gaya maka ranar da aka yi shi, ranka ya daɗe?"

"Ƙarshen wata kwantiraginki zai ƙare. Ki yi tunani."

"Na yi. Yini biyu ina yi. Ga alƙalami, ga tawada, in akwai mai iya cike su ya cike. Hannuna dai ba zai yi ba."

Fenti ya zo har gida yana lallashi. "Gwaggo, ja uku ne fa. Wa zai sani?"

"Duk ɗalibin da zai buɗe mujallar nan bayan na mutu, ni zai yarda da ita. Tashi ka ba ni wuri."

Ba a sabunta kwantiragin ba. Ranar ƙarshe Dogo da yaransa suka ɗauko teburin, wanda ashe nata ne tun asali, suka kai shagon Fenti a bayan tashar mota. Rahoton ya fito bayan wata bakwai, babu tsingaron a ciki, babu maganar rubutu. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba.

Yanzu duk Talata masu zane bakwai ko takwas suna zama a gabanta a shagon, cikinsu har da masu furfura. Dogo yakan kawo fasassun tukwanen kasuwa a buhu. Ba ta barin kowa ya taɓa tawada sai ya gaya mata yadda kowane karce ya samu. Makon jiya wani mai zanen yadi ya yi ƙorafi cewa shi ɗigo ya zo koyo, ba binciken 'yan sanda ba.

"Ƙofa a buɗe take," ta ce, ta tura masa gilashin. "In za ka zauna, sake dubawa."