Baƙon da ya ceci ragonmu

Ina shirin kwarara man shanu a kan tuwo sai ga maigidana da sauri: "Hajara, tsaya! Wannan ma ba ya ci."

A unguwar Abbaganaram ne, farkon shekarun sittin. Maigidan dillalin shanu ne, ya gayyato wani malami Ba'indiye cin abinci. Tun safe an hana ni yanka rago, an hana ni bandar kifi.

Na ce, "Malam, ba kai ka ce mutanensu na shan nono ba?"

Ya ce, "Su suna sha. Shi kuwa ya ce nono na ɗan maraƙi ne."

Na ce, "To a gidan mai shanu tabarma zai ci?"

Ƙarshe wake da man gyaɗa na aika masa, kunya kamar in nutse. Bawan Allah ya cinye tas, ya nemi ƙari!

Ragon da ya tsira muka sa masa suna Ba'indiye. Ya yi ta ƙasaita har ranar layya.

Ku fa, wane baƙo ya taɓa ɗaure muku kai a bakin murhu?