Ɗan Majalisa a Tashar Gusau

Tambaya, wani makiyayi daga garin Karakkai, yana tsaye a tashar jirgin Gusau, idonsa na kan wani siririn dattijo mai rawani da ke jan akwatinsa da kansa, takalminsa duk laka. Wai ɗan majalisa ne, yanzu ya sauka daga Kaduna. Da ganinsa dai ba shi ake yi wa tafi a can ba.

Tambaya ya matsa ya gaishe shi. "Ranka ya daɗe, maganar toshe mana burtalin shanu, har da kai aka yarda?"

Dattijon ya ajiye akwatin. "Na ce a'a, Malam. Ni kaɗai."

"To, an fasa?"

"Ba a fasa ba. In na koma zan sake faɗa."