Wasiƙar da Aldo Bai Yi Niyyar Aikawa Ba

Mu tara ne a ajin Japananci na safiyar Asabar, a wani ɗan ɗaki bayan coci a garinmu Gordonvale. Yawancinmu aiki ne ya kawo mu. Ni direbar motar masu yawon buɗe ido ce, na gaji da yi wa baƙi magana da hannu. Aldo Musumeci kuwa babu abin da ya haɗa shi da baƙi. Manomin rake ne mai shekara saba'in da ɗaya, kuma a gonar da aka haife shi yake kwana har yau. Ubansa da adda ya sare raken nan, shi da inji. Iyakar tafiyarsa a duniya Townsville, nan ma wani ƙarfen tarakta ya je nema, ya dawo yana cewa garin ya cika hayaniya.

Jikarsa Koharu ce ta sa shi zaman aji da furfura. Ɗansa Dean ya auri Bajapaniya ya zauna a garin Matsuyama na Japan, yarinyar ta tashi ba ta jin Turanci. In an kira ta wayar bidiyo, sai ta leƙo ta ga wani ƙaton tsoho yana daka mata tsawar ƙauna, "Nonno ne, kakanki," ta ruga bayan uwarta. Shekararta shida ba ta taɓa ce masa uffan ba. Abin yana cin Aldo a rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Matarsa Concetta ta je sau biyu ita kaɗai. Shi an yi an yi ya ƙi, wai rake ba ya son a bar shi. Duk mun san jirgin sama yake tsoro.

Wata Asabar malamarmu, Kazue Sensei, ta koya mana yadda mutum zai faɗi niyyarsa da abin da ya shirya yi. Ta ba mu aikin gida: kowa ya rubuta wa wani wasiƙa, ya jera abu biyar da zai yi.

"Ba sai gaskiya ba," in ji ta. "Ku dai yi amfani da darasin."

Da jin ba sai gaskiya ba, Aldo ya saki jiki. Ya rubuta wa Koharu da manyan baƙaƙe irin na 'yan aji ɗaya: "A watan Afrilu ina da niyyar zuwa Japan. Zan shiga jirgi. Zan kwana bakwai. Ina shirin cin ɗanyen kifi. Zan raka ki makaranta." Ni kaina na ji haushi, don tasa ta fi tawa kyau. Sensei ta zana masa fure da jan biro a saman takardar. Saboda alfahari ya ajiye ta a tsakiyar teburin cin abinci.

Concetta ba ta karanta Japananci, amma ta san zanen sunan jikarta. Ta ninke takardar, ta sa a ambulan, ta kai gidan waya. Har gobe tana rantsuwa ba ta san aikin gida ba ne. Ni dai na san Concetta tun muna 'yan mata, ban yarda ba.

Bayan mako uku Aldo ya shigo aji kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya miƙa wa Sensei wata takarda daga Koharu mai zanen jirgi da mutum mai ƙaton kai.

"Sensei, karanta min. Ina jin na shiga uku."

"Ɗan gajeren rubutun nan? Kai za ka karanta, Aldo-san."

Ya bi da yatsa, baƙi bayan baƙi. "Nonno, a Afrilu zan shiga aji ɗaya. Na gaya wa kowa za ka raka ni. Ina jiranka." Wannan ce magana ta farko da yarinyar ta taɓa yi masa, kuma ya gane ta ba tare da tafinta ba.

"To ki rubuta mata ki ce wasa ne, aikin makaranta ne," in ji shi ga Sensei.

"Ni ba ruwana. Mun yi darasin ba da haƙuri bara. Ga fensir."

Ya riƙe fensirin nan har aka tashi, bai ɗiga ko ɗigo ba. Na ce masa, "Aldo, ba a fara saran rake sai Yuni. Wace ƙarya ta rage maka?"

"Ke Marlene, ki ji da motarki."

Da Afrilu ya zo, da motar tawa kuwa na kai shi da Concetta filin jirgin Cairns. Muna hanya ya tuna bai kashe famfo ba, sannan ya tuna kare, sannan ƙirjinsa ya fara ciwo. Concetta ta ce, "Tuƙa kawai, 'yar'uwa. In zai mutu ya mutu a gaban jikarsa." Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban rage gudu ba.

Asabar ɗin da ya dawo, Sensei ta ce ya ba da labari da Japananci. Ya yi jimla biyu ya gaji, ya koma Turanci, ta ƙyale shi. Ashe Koharu da wasiƙar ta zo tarbarsa. Duk abin da ya cika sai ta soke shi da fensir. Ɗanyen kifi ma ba ta yafe ba, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Ranar shiga makaranta ta riƙe babban yatsansa tun daga gida har ƙofa, tana nuna shi ga duk wanda suka gamu da shi. Kuskurensa kuwa ta gyara ya fi sau ɗari, tana dariya.

"Ranar da za mu taho," in ji shi, "sai ta kawo min farar takarda ta ce in rubuta na baɗi."

"Ka gaya mata ba sai gaskiya ba?" na tsokane shi.

Ya goge idonsa da bayan hannu, ko kunyarmu bai ji ba.

"Guda goma na rubuta," in ji shi. "Ni da kaina na sa hannu."