Hannun Malam Munzali

In ka tambayi ƴan masallacin Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon na Faransa, aikin da Malam Munzali yake yi, amsa uku za ka samu, kuma babu ta gaskiya ko ɗaya. Wasu su ce lantarki yake gyarawa, wasu su ce bam yake haɗa wa Turawa, wasu kuwa su rantse shara yake yi a jami'a. Shi ya daɗe da daina gyara musu. Sau ɗaya ya taɓa zama ya yi wa wani Alhaji bayani, bai kai rabi ba Alhajin ya ciro agogonsa da ya tsaya ya miƙa masa.

Ya kuwa gyara agogon, don da ma nan ne mafari. A rumfar mahaifinsa, mai gyaran agogo a kasuwar Maraɗi, ya koyi riƙe hantsaki da riƙe numfashi lokaci guda. Yana da shekara ashirin da huɗu ya zo Faransa karatun fasaha, da niyyar ya yi shekara biyu ya koma. Yanzu yana da hamsin da takwas, furfura ta cinye gemu, ƴaƴa sun yi aure sun watse, shi da matarsa Hapsatou kaɗai suka rage a hawa na biyar na wani bene. Shekara ashirin da bakwai daga ciki a labo ɗaya ya yi su, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a Lyon.

Aikin labon ba shi da wuyar faɗa. Can kusa da iyakar Suwizalan akwai wata ƙatuwar na'ura da ke harba ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta da gudun da ya kusa na haske. Ido ba ya ganinsu, don haka masana ke ƙera wasu ƴan farantai na silikon, sirara kamar ɓawon albasa, waɗanda ke nuna inda ƙwaya ta ratsa. Kafin a yarda da sabon faranti sai an gwada shi: a jera tsofaffi shida da aka amince da su, a sa sabon a tsakiya, a saki feshin ƙwayoyin ya ratsa su duka, a ga ko shaidarsu ta zo ɗaya. In jerin ya karkace da kaurin silin gashi, aikin ya tashi a banza. Masana su ke lissafi, Munzali shi ke ƙera teburin gwajin, shi kuma ke ɗaukar kowane faranti da hantsaki ya zaunar da shi ya manne. Har Paris an san da zancen. In aiki ya gagara sai a ce a kai wa hannun Munzali, shi kuma, a faɗi gaskiya, maganar tana fasa masa kai.

A wajen shayi abin ya fara nuna kansa. Duk Lahadi bayan la'asar yakan kafa buta, ya ɗaga ta sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi har kumfa ta tashi, ko ɗigo ba ya kuskurewa. Wata Lahadi cikin Janairu shayin ya sauka gefen kofi. Ya sake, ya sake zuba a kan tabarma. Ya dubi hannunsa na dama, sai ya ga babban yatsa yana rawa shi kaɗai. Ya yi ta maza ya ce bakin butar ne ya lanƙwashe. Mako na gaba ya sanar cewa ya bar shayi saboda sukari. Hapsatou ta ce to, ta ɗauke kayan ta sa a kabad.

Rawar kuwa ba ta zo a lokacin da ya dace ba. Ƙungiyarsu ta samu kwana takwas kacal na feshi a watan Oktoba, bayan jiran shekara guda. Abokan aikinsu na Paris sun shafe shekara biyu kafin su fitar da sababbin farantai, guda huɗu tak a duniya. Mai shirya su cikin akwati ita ce Brigitte, ma'aikaciya irinsa, wadda suka yi shekara goma sha biyar suna aiki ta waya. Duk akwatin da ta aiko sai ya tarar da ƴar takarda a ciki, tana gaishe shi tana tsokanarsa da cewa mutanen Lyon ba su iya komai ba sai ci.

Faranti na farko ya iso cikin Maris. Munzali ya sa farar riga da hula da safar hannu, ya shiga farin ɗaki, inda ko ƙura ba a yarda ta shiga ba. Ya yi bisimilla, ya riƙe numfashi, ya ɗaga farantin. Saura kaɗan ya zauna yatsan ya zabura, bakin hantsaki ya karce gefe. Ko ƙara bai ji ba, amma da ya leƙa madubin ƙara girma ga tsaga nan ta ratsa har tsakiya.

Anne, shugabar ƙungiyar, ta shigo ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ko a mafarki ba ta kawo cewa shi ne ba. Ta ce ba shakka a hanya ya fashe, shirin akwatin ne bai yi kyau ba. Munzali ya buɗe baki, sai ya tuna shekarunsa, ya tuna cewa in hannun nan ya tafi ba shi da wata takardar digiri da zai jingina da ita. Ya rufe bakin. Wannan shirun shi ne abu mafi muni da ya taɓa yi a wurin aiki, kuma ya san haka tun kafin ya cire safar hannu.

Wasiƙu suka yi ta kai da kawo tsakanin Lyon da Paris. Aka cire Brigitte daga shirya kaya, aka sa wani yana duba duk abin da ta taɓa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ita ta kira shi tana ba shi haƙuri, wai ta ɓata masa aiki. Ya ce mata ba komai, ya ajiye waya.

Saura farantai uku, kuma ya san hannunsa ba zai kai su ba. Sai mutumin da ya saba cewa zane aikin waɗanda ba su da hannu ne ya zauna gaban kwamfuta yana zane. Wata uku yana fama da wani mariƙi na alminiyon: iska ce ke tsotse farantin ta riƙe, sukurori uku ke matsar da shi kaɗan-kaɗan, ga wasu ƴan turaku da ke hana shi wuce wurinsa ko da mai juyawa ya zabura. Duk dabarar da yatsunsa suka tara tun daga Maraɗi ya kwashe ya zuba cikin ƙarfe. Yana sane sarai cewa ranar da abin nan ya yi aiki, ranar babu mai sake neman hannun Munzali.

Cikin Yuni aka kira taro a Paris don a amince da tsarin teburin gwajin. Ya hau jirgin ƙasa na safe da mariƙin a kan cinya, hannun dama cikin aljihu. Mutum goma sha biyu ne a ɗakin, Brigitte tana can ƙarshen tebur. Ya gama bayani, sai wani tsohon farfesa ya yi dariya ya tambaya, cikin raha, mene ne amfanin wannan wahala alhali ga Munzali da ransa da lafiyarsa.

Munzali ya zaro hannun ya ɗora kan tebur kusa da kofin kofi. Cokalin da ke kan farantin kofin ya shiga kaɗawa, kowa yana ji.

"Ga amfaninsa," ya ce da Faransanci. "Kuma farantin Maris ba a hanya ya fashe ba. A hannuna ya fashe, na yi shiru."

Anne ta sunkuyar da kai. Ya zaci Brigitte za ta yi faɗa, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta dai dube shi ta ce, "Wata uku, Munzali. Har haƙuri na ba ka." Ta tattara takardunta ta fita.

An amince da mariƙin. Likitan wurin aiki kuma ya duba Munzali, ya ce rawar ba mai tafiya ba ce, magani sai dai ya rage mata sauri, ya hana shi taɓa farantai. Cikin Satumba Brigitte da kanta ta kawo sauran farantai ukun zuwa Lyon, akwatin babu ƴar takarda. Ta gilashin taga ya tsaya yana kallonta a farin ɗaki, ta zaunar da su duka cikin minti arba'in, aikin da shi yakan yini a kansa. Da ta fito ta ce mariƙin ya yi kyau, kowa ma zai iya aiki da shi. Yabo ne, ya kuma yi godiya, amma maganar ta soke shi.

Oktoba ta zo, aka loda teburin a mota aka tafi wajen na'urar ba da Munzali ba. Ranar Lahadi Anne ta turo masa hoto a waya: ɗigo bakwai a jere tsaf, sabon faranti ya yi shaida ɗaya da tsofaffin. Ya daɗe yana kallo, bai san ko daɗi yake ji ko baƙin ciki ba. Can ya ce wa Hapsatou ta ɗauko masa kayan shayi.

Ta kawo butar, amma tiren ba wanda ya sani ba ne. Wannan mai faɗi ne, mai tudun baki, kofunan ma masu faɗin baki. Ya tambaye ta yaushe ta saye su.

"Tun ranar da ka ce bakin buta ya lanƙwashe," in ji ta. "Butar nan lahiyarta lau, Malam, ni ka wanke ta. Ina ta jira ka hwaɗa mini da bakinka, sai na ji ka tahi Paris ka hwaɗa ma Turawa."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a gaban mutum goma sha biyun nan. Ya ɗaga butar sama kamar yadda ya saba, ya tsiyayo, rabi ya shiga kofi rabi ya malale a tire. Hapsatou ta miƙa hannu ta ɗauki kofin, babu kumfa ko kaɗan, ta kurɓa ta ce sukarin bai ji ba.